Tsohuwar Bedford ɗin soja da na ƙwato daga hannun 'yan gwangwan

Ranar da aka sauke motar nan a filin da ke gefen gidana a Yelwa ta Bauchi, maƙwabcina ya fito da buta zai yi alwalar la'asar, ya tsaya ya kalle ta ya kalle ni, ya ce "Malam lafiya dai ko? Ko sana'ar jari bola ka koma ba mu da labari?" Ni ban ga laifinsa ba wallahi. Tayoyi huɗu duk sun zauna, gilashin gaba ɓari ɗaya babu, katakon bodin baya gara ta gama da shi tuntuni, kujerar direba sai ƙarafuna, ga gidan zanzaro ko'ina har cikin sifidomita. Motar ɗaukar katafila na yi haya ta kawo ta, don ko janta ba zai yiwu ba.

Ta'aziyya na je wani ƙauye ta wajen Toro, muna zaune a kan tabarma ana addu'a ni kuwa, Allah ya yafe min, idona na kan wani abu da ke ƙarƙashin bishiyar ɗorawa, awaki sun mai da ƙasansa wurin kwana. Da aka shafa na zagaya. Mamacin ne ya saye ta a gwanjon kayan soja tun yana saurayi, ya yi dakon kuza da ita, da kuza ta ja baya ya koma itace da buhunan masara ranar kasuwa, wata rana ta tsaya bai sake bi ta kanta ba, fiye da shekara ashirin kenan inji 'ya'yansa. Bayan an yi arba'in na koma, ashe 'yan gwangwan sun riga ni har sun yi tayi, su lissafinsu a kilo ne, mota ce da ta haura tan huɗu kuma ƙarfen da ne mai kauri, da sun zo da wutar yanka kwana biyu ya ishe su su mai da ita gunduwa-gunduwa. Na ɗora wani abu a kan tayinsu, magada suka sallama, babban ɗan har ya lalubo min tsohuwar takardar gwanjon a cikin adakar babansu, ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi. Takardar nan yanzu na fi ji da ita a kan takardar filina.

Dalili kuwa, kakana na wajen uwa direban soja ne lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Bai cika son zancen yaƙin ba, in ka matsa masa sai ya canza magana, amma zancen mota sai ku kwana. Hoto ɗaya tak ya bari, baƙi da fari, yana jingine da wata mota mai dogon ƙafa da fuska a dunƙule, gilashinta a rabe biyu. Tun ina firamare fuskar motar nan take kaina. Da na ganta ƙarƙashin ɗorawa ban buƙaci wani ya faɗa min ba.

Bedford RL ce. Turawan Ingila suka ƙera ta, kamfanin Vauxhall wanda shi ma a lokacin yana ƙarƙashin General Motors na Amurka, an fara yinta a 1953 kuma sojan Ingila sun daɗe suna morarta kafin samfurin Bedford MK ta zo ta gaje ta wajen 1970. Tayoyin huɗu duka suna ja, giya huɗu ce da ita, inji silinda shida mai lita 4.9, ƙarfin doki 110. Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun leƙa, fetur take sha. Kowa ya ga girmanta sai ya ce gas, a'a, fulogi shida ne reras da kafireta kamar tsohuwar Fijo. Sitiyarinta kuma a dama yake, wannan kaɗai ya nuna maka shekarunta, don ranar 2 ga Afrilun 1972 ne zamanin Gowon Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Wato motar nan ta girmi naira ma, tunda ita naira sai Janairun 1973 ta fito, da fam da sule aka yi cinikinta na farko.

Makanikai uku na kira. Biyu matasa ne, ɗaya ma da na'urar kwamfuta ya zo yana neman inda zai jona, na ce masa ɗan'uwa wayoyin da ke jikin motar nan gaba ɗaya ba su kai na injin niƙa ba. Na ukun ne ya yi min gaskiya, ya ce wannan ba aikinmu ba ne, ka nemi Baba. Baba dattijo ne ya haura saba'in, ya yi aiki a kamfanin Steyr na nan Bauchi lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da tarakta, zamanin da Kaduna ke da Peugeot, Legas Volkswagen, Ibadan Leyland, Inugu Marsandi, Kano Fiat, mu kuma muna da namu na 'yan Ostiriya. Kafin Steyr ɗin kuwa yaron mota ya yi a Bedford mai bodin katako tsakanin Jos da Gombe. Da na kawo shi bai ce komai ba, ya zagaya ta sau biyu yana dafa ta kamar mai duba saniya a kara, ya leƙa ƙasa, sannan ya ce "Ɗana, kana da haƙuri ko kuɗi kawai gare ka?" Na ce Baba kuɗin ma babu. Ya ce to madalla, za mu shirya.

Injin a daskare yake, ko motsi. Ni a gaggawata so nake a ɗaura ta a bayan tifa a ja a saki kuloci ta ƙarfin tsiya, Baba ya ce in ka yi haka ka karya ringi ka lanƙwasa kwanrod, daga nan sai dai ka kira 'yan gwangwan ɗin da ka kora. Ya cire fulogi shidan, ya haɗa gas da jan man giya ya ɗura a kowane rami, ya toshe da tsumma ya ce a bar ta. Duk ranar Asabar zai zo ya sa doguwar sifana a kan notin fule na gaba, ya ɗan taɓa dama ya ɗan taɓa hagu, ba da ƙarfi ba, ya ƙara mai ya tafi. Sati ɗaya, biyu, uku shiru, ni har na fara zargin tsohon nan kuɗin mashin kawai yake ci. A sati na shida ne ina tsaye na ji wani ɗan "ƙis", sifanar ta gota kamar faɗin yatsa. Baba ko murmushi bai yi ba, ya ce a kawo masa ruwan sha.

Wani abin da ya ba ni wahala tun farko, sifanu. Notinan motar nan duk ma'aunin inci ne, rabin inci, tara bisa sha shida, irin wannan, mu kuwa kasuwarmu yanzu duk milimita ce, 12, 13, 14. Sai ka sa 13 ka ga kamar ta zauna, kana dannawa ta zame ta cinye kan notin, haka na lalata guda biyar kafin Baba ya kama ni. Washegari ya zo da wata jakar buhu, sifanunsa ne na tun yana yaron mota, sun yi baƙi sun yi sulɓi, ya ce aro ne ba kyauta ba kuma yana ƙirgawa duk yamma.

Tsatsa kuwa ita ce ainihin aikin, kuma ita ce ba wanda zai taya ka. Amma fa mu gode wa Allah da yanayinmu, da a Fatakwal ko Legas motar nan ta yi shekara ashirin a waje da tsintsiya za a kwashe ta. Nan iska a bushe take fiye da rabin shekara, saboda haka tsatsar yawanci ta sama ce, ka goge ka tarar da ƙarfe lafiyayye. Inda ta ci da gaske shi ne duk wurin da ƙasa da ganyen ɗorawa da kashin awaki suka taru suka riƙe ruwan damina, ƙasan ƙofofi, wurin taka ƙafar direba, bayan madigadi. Shasin Baba ya bi shi da ƙaramar guduma tun daga gaba har baya yana saurare, inda ya yi ƙara tangararan lafiya, inda ya yi "dum" ya sa alli, wuri biyu kawai aka yanke aka yi waldar sabon faranti. Sauran ni ne da burushin waya da giranda da samfefa, bayan na taso aiki zuwa magariba, in akwai wuta. Ka goge yau dole ka shafa jan fentin hana tsatsa yau ɗin, in ka bari raɓa ta sauka a kai gobe za ka tarar ya yi ja kamar ba ka yi komai ba. Kuma don Allah duk mai irin wannan aiki ya sa tabarau da takunkumi, wayar burushi ta taɓa tsinkewa ta soke ni a kunci, saura kaɗan ido.

Ƙananan kaya irin su notina da sakatar ƙofa, dabarar uwargida ce ta fitar da ni. Ta gan ni ina ta fama da samfefa har yatsuna sun yi jini, ta ce ku maza da wahalar da kai, ta jiƙa tsamiya mai kauri a bokiti ta ce zuba su ciki. Kwana uku na ɗauraye na goga da burushi, tsatsar ta bi ruwa. Sai dai ka busar nan take ka shafa mai. Ita ɗin ce kuma duk ranar da na ce mata motar nan za ta tashi sai ta ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. Kuɗin tsamiyarta ma ta ce bashi ne.

Kayan gyara na sha yawo, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Jos ban san adadi ba. Yaran shago in ka ce Bedford sai su yi ta kallonka, sai ka nemi tsofaffin da ke can ƙuryar kasuwa, su ne za su tono maka abu a ƙarƙashin tarkace. An daina ƙera manyan motocin Bedford tun wajen 1987, to ka ga sabo sai dai tsohon ajiya. A wani gari da ba zan faɗa ba wani ya rantse min famfon ruwan da ya ba ni nata ne, na dawo Bauchi ko ramukan noti ba su yi daidai ba, na koma ya ce shi bai taɓa ganina ba. Gasket Baba ne ya yanka da hannu, ya ɗora takardar a kan ƙarfen yana bubbuga gefe da kan guduma har siffar ta fito. Lagireto masu dalma suka wanke suka toshe. Kwantak da kayan cikin kafireta ne kawai sai da wani abokina da ke karatu a Ingila ya saya min wajen masu tara irin motocin nan, don su can ƙungiya-ƙungiya gare su har baje koli suke yi, kayan duka ba su cika tafin hannu ba amma da na juya fam ɗin zuwa naira sai da na nemi wuri na zauna.

Wata goma sha ɗaya da kawo ta muka gwada tayarwa. Tankin mai bai gyaru ba tukuna, galan muka rataya da tiyo. Bugu na farko shiru, na biyu ta yi tari ta tofo wuta ta kafireta, yaran unguwa suka watse. Baba ya ɗan murɗa distirbita ya ce sake. Sai ta kama. Hayaƙi fari ya turnuƙe layin gaba ɗaya, duk man da muka ɗura na sati shida yana ƙonewa, ɓeraye biyu suka fito ta salansa a guje, bayan kamar minti biyar hayaƙin ya lafa ta koma wani irin gurnani a hankali, har kana iya jin tafet ɗaya-ɗaya. Na juya zan yi wa Baba magana na ga ya cire hula yana goge ido da ita, ya ce hayaƙi ne. Galan ɗin kuwa kafin mu gama murna ta shanye shi tas, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Yanzu rigimar da ake ciki ta fenti ce. Da nake kankarewa na tarar da hawa uku, shuɗin da marigayi ya shafa da burushi, wani ruwan ƙasa a ƙarƙashi, can ƙasa kuma koren soja na asali, har da inuwar lambobi a jikin ƙofa. Raina ya so koren nan ba kaɗan ba, shi ne na hoton kakana ko da hoton ba kala. Amma akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula hawa mota mai koren soja, ko ma babu doka, a Arewa maso Gabas da abin da muka gani a shekarun nan wane mai hankali ne zai fito da motar soja ya nufi shingen bincike yana cewa sha'awa ce? Tun kafin a sauke ta ma sai da na je na sanar da mai unguwa na nuna masa takarda. Ga sitiyarin dama da ba a yarda da shi a titi ba yanzu, wasu sun ce a juya shi hagu, Baba ya ce ranar da aka taɓa sitiyarin nan ya kwashe sifanunsa. To ta zauna a haka, iyakarta gonarmu ta hanyar Dass, nan ma ɗaukarta za a yi a kai ta, ta riƙa kwaso masara daga cikin gona zuwa bakin rumbu.

Na yanke shawarar ruwan madara zan yi mata a waje. Cikin ƙofar direba dai, wani wuri kamar faɗin littafi inda koren ya fito da kyau, na wanke shi na shafa masa banish na bar shi yadda yake, sai ka buɗe ƙofa za ka gani.

Saura birki, don yanzu haka ba abin da ke tsayar da ita sai dutse, fayif ɗin duk sun ruɓe kuma robobin sun zama gari. Sai katakon bodi, na je kasuwar Muda Lawal na ji farashi na dawo ban saya ba. Maƙwabcin nan nawa mai buta kuwa, jiya shi ne ya riƙe min tocila har bayan isha'i, yana tambaya wai in an gama ko za a ɗan kai masa taki gona.