Ƙyallen ruwan hoda da jinyar Gwaggo

Oktoba ya kama, ƙyallen nan mai ruwan hoda ya sake cika Facebook, wasu ma sun maƙala a hijabi. Tun 1992 ya yaɗu daga Amurka a matsayin alamar yaƙi da sankarar mama, kuma ina ganin amfaninsa, domin ya sa ana ambaton ciwon da a da kunya take hana a faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka gano suna da shi.

Sai dai jinyar Gwaggona ta nuna min inda ƙyalle ba ya kaiwa. Ta daɗe tana jin ƙullutu a mama, ta yi shiru, tana shafe-shafen magani har fatar wurin ta canza. Da aka fara yi mata kemo, wato allurar maganin sankara, gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ba ta son ji. Wasu suka janye jiki wai ana ɗauka, alhali sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Wannan ya fi allurar yi mata ciwo.

Matan layinmu ne suka riƙe ta. Suka sadaukar mata da kwasar adashi, wata ta riƙa dama mata kunun gyada kullum da safe. Maƙwabciyarta kuwa takan zauna ta ɗaura mata ɗankwali, tana cewa, "Yaya, kin ga yadda ya karɓe ki kuwa?"

'Yar'uwa, in kin ji ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti a wannan makon. In babu mai raka ki, ki yi min magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.