Hutun Asma'u da littafinta mai layi uku

Duk wadda ta reni yara a Makka ta san abin da dogon hutu ke yi wa gida. Daga ranar da aka rufe makaranta, dare ya koma rana ke nan. Yara ba sa kwanciya sai an idar da asuba, ba sa tashi sai ana kiran la'asar, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta ruri, labule a sauke, waya a hannu. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, don zafin garin nan a watan Yuli ba na fita ba ne. Ko manya masu aikin waje, doka ta hana a sa su aiki cikin rana daga sha biyu zuwa ƙarfe uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. To amma kusan wata biyu ne cur, kuma ga yaron da ya kusa gama sanawiyya, wato babbar sakandare, a cikin waɗannan watannin ake samun gurbin jami'a ko a rasa shi. A ɗakina abin ya faru, shi ya sa nake faɗa.

Ɗana na fari, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, ya gama sanawiyya a 2022 da sakamako mai kyau. Ni da na tashi a Kano, a tunanina takardar gama makaranta ita ce komai. Ban san cewa a nan kashi ɗaya ce cikin uku ba. Akwai Ƙudurat, jarrabawar auna basira da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, rabinta harshe rabinta lissafi, kuma ba a shiga da kalkuleta. Akwai Tahsili, wadda ke bin ilmin halittu da kimistiri da fiziks da lissafi. Sai a haɗa su a fitar da maki guda. A jami'o'i da dama, ga fannonin kimiyya, sanawiyya kashi 30 ce, Ƙudurat 30, Tahsili 40. Wato kashi 70 na makomar yaro yana kan jarrabawa biyu da ba malamin ajinsa ke ba da makinsu ba. Yaya ya shige su haka nan, ba shiri, bayan ya kwashe hutu biyu yana barcin rana a gabana ina lulluɓa masa bargo.

Ga shi kuma mu masu iƙama ne, wato takardar izinin zama ta baƙi. Ɗan baƙo ba ya shiga jami'ar gwamnati ta ƙofar da ɗan ƙasa ke shiga. Tamu ƙofar ita ce abin da ake kira minha dakhiliyya, guraben da ake ware wa 'ya'yan mazauna, kuma ba su da yawa. Makin Yaya bai kai ba. Muka fara shirin tura shi Khartum, Jami'ar Ifriƙiyya, inda 'ya'yan maƙwabta da yawa suka yi karatu, sai ga yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Allah ya sa bai riga ya tafi ba. A ƙarshe Kano ya koma wurin kawunsa, ya zauna koyon Ingilishi kamar ɗan firamare kafin ya samu shiga jami'a. Shekara biyu suka salwanta. Har yau idan na tuna ranar da muka raka shi filin jirgin Jidda, yana ta juyowa yana kallonmu, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Saboda haka da ɗiyata Asma'u ta doshi ƙarshen aji biyu na sanawiyya, ban jira an rufe makaranta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cikin Zulƙida na sa tabarma a falo bayan isha, na dafa shayi, na ce wa maigidana, Malam, yau sai mun zauna mu uku.

Ba mu fara da jituwa ba. Malam mutum ne da ya fara neman na kansa tun yana ɗan shekara goma sha biyu a kasuwar Kurmi, kuma ya yi imani duk wanda bai san zafin nema ba bai san darajar karatu ba. Ra'ayinsa shi ne Asma'u ta riƙa zuwa wurin gwaggonta mai dafa tuwo da masa a lokacin alhazai, ta taya ta, ta samu ɗan abin kashewa.

"Hajiya," in ji shi, "yarinya ta kusa sha bakwai ba ta taɓa riƙe riyal ɗin da ta yi wa gumi ba. Wannan ba gata ba ne."

Na ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma ɗauko iƙamarta ka duba."

Bai ɗauko ba, don ya san abin da ke ciki. Wanda ke zaune a ƙarƙashin iƙamar wani ba a yarda ya yi aikin kuɗi ba sai da izini na musamman. Dokar ƙwadago ta ba ɗan shekara 15 damar aiki, awa shida a rana, ban da dare, kuma za ka ga samarin 'yan ƙasa a manyan kantuna lokacin hutu suna ba da canji. Namu ba su cikin wannan. Mun san gidajen da aka kama yaro yana taya tsaron shago, abin ya zama tara da zaryar ofis da zullumin kora. Mu da muke biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya, mu huɗu a ƙarƙashinsa, riyal 1,600 ke nan, ba mu da rarar da za mu saka cikin irin wannan kasada.

Duk wannan muhawara Asma'u na zaune tana juya kofin shayi, ba wanda ya tambaye ta. Sai da na lura na ce, "Ke fa, me kike so?" Ta daɗe kafin ta ce, "Umma, ni asibiti nake so. Amma ƙawayena sun ce mu ba a ba mu." Ashe ta fi shekara tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai. Kuma ƙawayen nata ba su yi ƙarya ba: yawancin jami'o'in gwamnati ba sa buɗe fannonin lafiya a guraben 'ya'yan baƙi. Ita kuwa tun bayan aji ɗaya ta zaɓi layin lafiya da rayuwa cikin layuka biyar na Masarat, tsarin karatun sanawiyya na nan, tana ta karatu da zuciya biyu. A daren muka tsayar cewa ƙofa biyu za mu ƙwanƙwasa. Za ta nemi Jami'ar Ummul Ƙura ta nan Makka da duk ƙarfinta, ko da wani fannin kimiyya ne, kuma za ta shirya wa gida, ko Bayero ko Zariya, inda za ta iya neman aikin jinya.

Daga nan tsarin hutun ya fito da kansa. Bayan asuba ba komawa barci, awa biyu na Ƙudurat kafin gari ya ɗau zafi, da agogo a gefe, domin matsalar jarrabawar nan lokaci ne ba wuyar tambaya ba. Bayan azahar awa ɗaya na Ingilishi ta waya da wata malama 'yar Kaduna da ke zaune a Jidda. Malam kuma bai sauka daga kan batunsa ba, sai dai ya sauya masa hanya: ya damƙa mata kuɗin cefanen wata guda, ya ce ita ce uwar gida. Duk Asabar da sassafe yana kai ta kasuwar kayan miya ta Ka'akiyya, ya tsaya nesa ya bar ta da masu tumatir. Makon farko ta sayo kwali guda na kuɓewa saboda arha, rabi ya lalace kafin mu ci, ta yi kuka sosai. Mako na huɗu kuwa ta dawo masa da canjin riyal 85 da takardar lissafi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, har yanzu tana cikin jakarsa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne aikin sa kai. A tsarin Masarat ɗalibi ba ya kammalawa sai ya cika awa 40 na aikin sa kai, kuma ana rubuta su a dandalin gwamnati na intanet. Iyaye da yawa suna ɗaukar abin a matsayin cike takarda, a je a share harabar makaranta a sa hannu. Ni ma da haka na ɗauke shi. Wata malamarsu ce ta haɗa su da wata ƙungiyar mata masu raba ruwa da lema ga alhazai, aka tura rukuninsu unguwar Misfala bayan Hajjin 2025, lokacin da mutanenmu ke zaman jiran jirgi. Wanda ya san Misfala da titin Ibrahim Khalil a irin wannan lokaci ya san kamar an ɗauko Fagge ne an dire: atamfar jihohi iri-iri, ƙamshin yaji, ana cinikin dabino da Hausa zalla.

Rana ta uku, wajen ƙarfe biyar na yamma, wayata ta yi ƙara. Muryarta na rawa.

"Umma, mene ne hajijiya?"

Na ce, "Jiri ne, mutum ya ga duniya na juyawa, abin da kuke ce wa dokha. Lafiya?"

Ta kashe wayar. Sai da ta dawo na ji labarin. Wata tsohuwa ce ta zube a bakin titi, ta jingina da ƙarfen fitila, jakarta a ƙirji. Ma'aikatan Hilal Ahmar, masu agajin gaggawa, sun zo, suna tambayarta da Larabci, tana amsa musu da Hausa, kowa na ɗaga murya. Asma'u ta ajiye kwalin ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu Iya, me ke damunki?" Tsohuwar ta damƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, hajijiya nake gani. Tun safe ban sa komai a bakina ba, kuma na sha maganin suga." Duk ta gane sai kalma ɗaya. Da ta fassara musu, suka soki yatsar tsohuwar, suka ga sugan ya faɗi, suka ba ta lemo mai zaƙi tun kafin a ɗora ta a mota. Tsohuwar ba ta saki hannun ba har bakin ƙofar motar. Ta tambaye ta 'yar wane gari ce, Asma'u ta ce a nan aka haife ta amma Ummanta Bakanuwa ce. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da iyayenki lafiya."

A nan ina da magana da 'yan'uwana mata na Makka da Jidda da Madina. Da yawanmu mun bar Hausar 'ya'yanmu ta tsaya a "zo ki ci abinci" da "tashi ki yi salla". Wasu yaran ma kunyar yin ta suke a waje, don kada a gane asalinsu a makaranta, kuma na san dalilin, na ga abin da kallo ɗaya ke yi wa yarinya. Amma duk shekara dubban alhazai ke sauka garin nan daga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru waɗanda ba su da wani harshe sai wannan, kuma yaranmu ne kaɗai suka tashi da shi tare da Larabcin Hijaz a baki ɗaya. Ni kaina sai a ranar na gane abin da na yi sakaci da shi.

A daren Asma'u ta ɗauko sabon littafi ta ja layi biyu, shafi ya rabu uku: Hausa, Larabci, Ingilishi. Ta rubuta hajijiya a sama. Tun daga nan kullum bayan isha sai ta zo ta zauna kusa da ni a kicin ina wanke-wanke tana tambaya. Ƙwannafi, ƙaiƙayi, majina, kumburi, hawan jini, sanƙarau wanda ake yi wa kowane alhaji allurarsa kafin ya taso. Da na ce mata shawara ciwo ce, wadda ido ke yin ɗorawa, ta ƙi yarda, ta ce ai shawara ita ce abin da muka yi da Abba a kan tabarma. Layi na uku kuma malamar Jidda ke cika mata, ta haka Ingilishin da take ja da baya da shi ya zama abin da take jira. Awa 40 ta cika tun tuni, ta ci gaba da zuwa har jirgin ƙarshe ya tashi.

Ni kuma nawa aikin hutun takardu ne, don na sha wuyarsu a kan Yaya. Na duba fasfonta na ga saura wata takwas ya mutu, muka sabunta. JAMB tana da cibiya a Jidda, amma ba ta rajista sai da lambar NIN, muka nema mata tun da sauran lokaci. Takardun sanawiyya na Larabci ne, sai an fassara an buga musu hatimi, sannan ma'aikatar ilmi a Abuja ta tantance su, don haka na buɗe fayil na fara tara na aji ɗaya da na biyu. Ba aiki ne mai daɗin labari ba, kuma yarinya 'yar sha bakwai ba za ta san da shi ba sai ranar da aka ce ta kawo.

Ta yi Ƙudurat ɗinta na farko bayan an koma makaranta. Makin ya fi na yayanta nesa, amma bai kai inda take so ba, za ta sake. Tahsili na gaba. Yaya yana turo mata tsofaffin tambayoyin JAMB daga Kano, yana yi mata faɗa a waya idan ta yi kwana biyu ba ta taɓa su ba, faɗan da ya kamata a ce ni na yi masa.

Littafin ya wuce kalma 200 yanzu. Shekaranjiya ta shigo kicin da shi a hannu ta ce, "Umma, wata mai Umra ta ce jikanta na fama da tsargiya. Mene ne tsargiya?" Na san ciwo ne na yaran da ke wanka a kududdufi, amma na kasa yi mata bayani yadda za ta rubuta. Na goge hannuna na kira Hajiyarmu a Kano, na sa wayar a tsakaninmu. Suka shafe kusan awa guda, kaka na faɗa jika na rubutawa, har tuwona ya kama.