Ƙofar da ta kusa rufe mini kafin in san tana rufewa

Har yau in na ji babba yana ce wa yaro "gama digiri tukuna, aikin soja ba ya gudu," sai raina ya sosu. Ga mai son tuƙa jirgin yaƙi, wallahi yana gudu.

Shawarar da Kawu ya ba ni ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya ba ni. Lokacin ina ajin farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya ce, "Ɗana, riƙe takardarka a hannu, sannan ka shiga ta DSSC, gajeren kwas ɗin soja na masu digiri, 'yan watanni ka fito hafsa." Kowa a gida ya ce haka ne. Ni ma na kwantar da hankalina.

Wani tsohon sojan sama a unguwarmu ne ya tashe ni daga barci. Muna zaune kan tabarma bayan la'asar na faɗa masa burina, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaro, shekarunka nawa?" Da na faɗa, sai ya girgiza kai. Ya ce DSSC ta likitoci ce da injiniyoyi da lauyoyi da malamai, sana'ar da ka karanto ita ake ɗaukarka ka yi. Matuƙa kuwa akasarinsu daga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, suke fitowa, ta dogon kwas, wanda ƙofarsa ke rufewa tun mutum yana farkon shekarunsa na ashirin. Da na bari na gama jami'a, da shi ke nan, na wuce.

Na sake zana JAMB, na sa NDA zaɓin farko. Gida ya ɗau zafi, Inna tana ta faɗin na zubar da shekara a banza. Kawu bai sauko ba sai da aka tuna masa cewa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ma ta NDA ya bi har ya kai Birgediya Janar.

Kada a ce na yi wa kowa romon baka, shiga NDA ba shi ne tuƙi ba. Sai ka samu ɓangaren sojan sama, sai likitoci sun tace ka. Na ga abokina, wanda ya fi ni ƙoƙari a aji da fagen gudu, ya ƙura wa littafin nan mai ɗige-ɗigen launi, na gwajin bambance launuka, ido ya kasa ganin lambar da ke ciki. Don haka duk ƙanen da ya zo mini, asibitin ido nake fara tura shi tun yana Sakkwato, kafin ya bar karatunsa. Daga nan sai makarantar koyon tuƙi ta 401 a Kaduna, inda aka fara ɗora mu kan ƙaramin jirgin koyo, Super Mushshak.

Bana ɗan Kawun ne ya gama sakandare, shi ma jirgi yake so. Na ji an soma yi masa zancen digiri tukuna, na bugo waya a daren na ce, "Kawu, don Allah wannan karon a bar mini shi."