Wuƙar da Baba Tsoho ya dawo da ita daga Bama

Wannan ciwon nawa na tara wuƙaƙen soja daga akwatin ƙarfen kakana ya samo asali. Baba Tsoho yana cikin 'yan Najeriya da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo bayan an gama a 1945. Da ya rasu, ƙarƙashin tsohon bargonsa na tarar da wata wuƙa mai lanƙwasa, bakinta ya fi gindin faɗi. Sai daga baya na san sunanta kukuri, makamin sojojin Gurka na Nepal. Akwai 'yar tsaga kusa da mariƙinta, na daɗe ina zaton karyewa ta yi, ashe haka ake ƙera ta. Kubenta ma yana da 'yan aljihu biyu na ƙananan wuƙaƙe, ɗayar ta ɓata tun kafin a haife ni.

Tun lokacin nake zarya a kasuwar Kurmi ta Kano. Na samo wuƙar damtse ta Buzaye, da gorar ruwan soja duk ta lotse. Wani dattijo ya taɓa miƙo min wata wuƙar bakin bindiga.

"Alhaji, wannan tun zamanin Bature ce."

Na ce, "Baba, to ya aka yi tsatsar duk a gefe ɗaya take?"

Dariya kawai ya yi, ya rage kuɗin. Na saya duk da haka, don kuben ya yi min.

Hajiyata kuwa cewa take ɗakina ya koma maƙera. Duk Juma'a bayan masallaci nake shafa musu man keken ɗinki, in kulle ɗakin saboda yara.