Manhajar gyaran sola da ta haɗiye "sha"

Mai gyaran sola hannu biyu gare shi, kuma a lokacin da ya fi buƙatar a taimake shi duka biyun suna riƙe da wayoyin mita. Shi ya sa ni da wani abokina muka haɗa 'yar manhajar waya da yaran shago a Kano za su riƙa yi wa magana: ka faɗa mata abin da inbata ke yi, ta ce auna nan, duba can, har a kamo matsalar. A ofis ta yi aiki sumul. Abin da ya ƙona mini rai a shagon wani mai sayar da ruwan sanyi ya faru.

Inbatarsa tana kuka da zarar firij ya tashi. Yaron da aka tura ya ɗora mita a kan batir, ya ce "sha biyu da rabi". Manhaja ta rubuta 2.5. Daga nan ta yanke hukunci da murya mai cike da tabbaci: batir ya mutu, a sauya. Alhajin ya sayo sabon batir mai amfiya 200, aka ɗaura, inbata ta ci gaba da kukanta. Ashe kan waya ne ya yi tsatsa ya saki a jikin batir, abin da sifana da 'yar goga za su gyara. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Injiniya, ita na'urar taku ce za ta biya ko ku?" Mu muka biya.

Da muka saurari muryar da aka naɗa, sai muka ga babu "sha" ɗin kwata-kwata. A cikin manhajar akwai ɓangaren da ke tantance ko mutum ya fara magana, da wani mai rage hayaniya. Janaretan maƙwabci na ruri, fankar inbata na huci, shi kuwa sautin "sh" iska ce zalla mai kama da wannan hucin. Sai aka share shi tare da hayaniyar, aka fara naɗa daga "biyu". Bahaushe kuma ba ya cika cewa "goma sha biyu" in yana cikin aiki, don haka lambar tana rataye ne a kan gaɓa ɗaya tak. Daga 11 zuwa 19 duk haka suke, kuma nan ne awon batir mai bolt 12 yake zaune.

Har yanzu abin da ya fi ba ni haushi ba rashin jin ba ne, kowa na iya kuskuren ji a bakin titi. Rashin hankalin ne. Batirin gubar da ya cika yana nuna kusan 12.6, inbatoci da yawa kuma suna kashe kansu in ya sauko wajen 10.5. To ta yaya batir mai 2.5 zai kunna inbata har ta samu ƙarfin yin kuka? Ko yaron da ya yi wata guda a shago zai ce a sake aunawa. Saboda haka gyara na farko da duk mai irin wannan aiki ya kamata ya sa a gaba shi ne manhaja ta san iyakar abin da zai yiwu. In lamba ta saɓa da abin da aka faɗa mata a baya, ta tsaya ta tambaya.

Sannan ta maimaita kowace lamba a cike: "Goma sha biyu da ɗigo biyar, haka ne?" Abokina ya ce hakan zai gundure yaran shago. Ya gundure su mana! Daƙiƙa biyu ce, kuma ni na san kuɗin batir. Mun kuma sa ta riƙa ajiye kusan rabin daƙiƙa na sautin da ya gabaci fara magana, don kada a sake yanke kan kalma. Duk shawarar da za ta sa mutum ya ciro kuɗi daga aljihu kuwa, sai an auna sau biyu, batir yana hutawa da kuma lokacin da kaya ke kansa, a kan ƙarfen batirin da kuma a bakin inbata. Da an yi haka ran nan, bambancin awon zai nuna kan wayar nan take.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne muryoyin koyarwa, wato waɗanda ake koya wa manhaja gane magana da su. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin gane magana na harsuna sama da 1,100, akasari daga karatun littattafan addini da aka naɗa. Taskar muryoyi ta Common Voice ta Mozilla tana da Hausa, amma masu sa kai ne ke karanta jimlolin da aka rubuta musu. Aiki ne mai kyau, sai dai ba haka makaniki ke magana ba. Yana faɗin rabin lamba da Turanci rabi da Hausa, yana tsayawa ya amsa sallama, ogansa na magana a bayansa, wani Basakkwace ne wani Bakano. Muryoyin da ake buƙata a bakin shago za a naɗo su, da izinin masu su, janareta na kunne.

Akwai kuma batun data: ɗakin batir galibi a lungu yake inda sabis ba ya shiga, don haka aƙalla gane lambobi ya kamata ya gudana a cikin wayar kanta. Yanzu muna gwada mita mai Bluetooth wadda za ta tura awon kai tsaye, bakin mutum ya tsaya ga bayanin abin da ido ya gani da abin da hanci ya shaƙa. Tsadarta ce matsalar, don ba kowane yaron shago ne ogansa zai saya masa ba.