Gishirin da ke ɓoye a gindin harsashin 7.62×39

Har yau idan na haska tocila cikin bututun bindigata SKS, tsohuwar bindigar soja mai harba harsashin 7.62×39, na ga ƙananan ramukan da tsatsa ta bari, sai raina ya ɓaci. Kwana uku kacal na bar ta, kuma ba ƙin gogewa na yi ba. Na goge, na shafa mai wadatacce, na ajiye. Man ne ma ya rufe mini ido.

Harsashin da na harba tsohon ajiyar soja ne, M67 na Yugoslabiya mai kwanson tagulla. Ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanso, wanda allura ke buga wa ya kunna albarushi, yana ɗauke da sinadarin fotasiyam kulorat. Da ya ƙone sai ya bar fotasiyam kuloraid, gishiri ke nan, ya bi hayaƙi ya lafe duk inda hayaƙin ya ratsa. Gishiri yana jawo laima daga iska, mai kuwa ba ya narkar da shi, lulluɓe shi kawai yake yi tsatsa ta ci gaba da aiki a ƙarƙashi.

Masu ƙera shi ba sakaci suka yi ba. Irin wannan ƙoƙo yana jure ajiyar shekaru da dama, yana kuma tashi cikin tsananin sanyi, abin da sojan Tarayyar Sobiyet ke buƙata ke nan. A 1943 suka fara aikin harsashin 7.62×39, bayan sun ga gajeren 7.92×33 na Jamus a fagen yaƙi, suka gane cewa tsohon 7.62×54R na 1891 ya yi ƙarfi da yawa ga bindigar hannu mai ɓarin wuta. Elizarov da Semin ne suka jagoranci zanen. Da farko tsawon kwanson milimita 41 ne, daga baya aka rage shi zuwa 39. Kan harsashin kusan giram 8, yana fita daga bakin AK da gudun mita 715 a daƙiƙa ko kusa da haka. Kwanson ya tsuke sosai daga gindi zuwa kafaɗa don ya riƙa zarewa cikin sauƙi ko bindiga ta yi datti, kuma wannan tsukewar ce ta lanƙwasa gidan harsashin AK. Duk wannan na sani. Gishirin ne na raina.

Kuskurena na ainihi shi ne ɗauka cewa cikin bututun yana da shafen kurom kamar na AK ɗin Rasha. Tawa, M59/66, wato SKS ƙirar Yugoslabiya, ba ta da shi, ƙarfe ne tsirara. Ko mai kurom ɗin ma, cikin bututu yake karewa, bututun hayaƙi da fuskar sakata, ƙarfen da ke tokare gindin harsashi, suna nan a buɗe. A tawa, makunnin hayaƙi, wanda ke buɗe wa hayaƙi hanya ya tura fistin, shi ne ya fi shan wahala: ya cinye har yana yoyo, fistin ba ya samun isasshen bugu, sai bindiga ta harba ɗaya ta ƙi fitar da kwanso. Dole na canza shi. Bututun kuwa babu gyara, ramukan suna tara datti, goga ɗaya ta koma uku.

Yanzu a ranar da aka yi harbi ake wanki, ba gobe ba. Ina cire bututun hayaƙi, fistin, makunni da sakata. Ina juya bakin bindiga ƙasa, in kwarara kamar lita ɗaya ta ruwan zafi ta inda harsashi ke zama, in wanke sauran sassan a wani ruwan. Zafin yana da amfani biyu: yana narkar da gishiri da sauri, ƙarfen kuma ya ɗau ɗumi ya bushe da kansa. Sai busasshen ƙyalle har ya fito fes, sannan maganin goge bututu, mai kuma a ƙarshe. Washegari in sake zura ƙyalle, haka ma rana ta uku. In ya fito da launin ƙasa-ƙasa, a koma kan ruwa.

Kada ramuka biyu na cikin kwanso su ruɗe ka. Alamar wani nau'in ƙoƙo ce kawai da ake kira Berdan, akwai mai gishiri akwai marar shi. Duk tsohon harsashin soja da ban tabbatar da asalinsa ba, ruwan zafi nake ɗorawa tun kafin in kwance bindigar.