Taɓa waƙar da aka riga aka gama

Kusan kowane mako sai an kawo mani waƙar da aka riga aka yi ma masta, wato gyaran ƙarshe na sauti, a Yamai ko a Kano, a ce in ɗan taɓa ta. Wata shirun farkonta ne ya yi yawa, wata ƙarshenta ne ya yanke gaba ɗaya, wata kuma suna ne ake so a fidda daga ciki. A nan Tawa cire suna shi ya fi yawa, don yawancin aikinmu waƙar biki ce da ta yabo, kuma tsakanin ranar ɗauka da ranar sakin waƙa abubuwa na canjawa. Ina karɓar irin wannan aiki, amma hannuna ba ya wuce gurbin da aka nuna mani.

Dalili kuwa, masta waƙa ce da komai ya riga ya haɗe. Murya da amshi da kalangu da gita duk sun koma layi biyu, hagu da dama, an daidaita kaifi da nauyi, an matse ƙarfin har ya kusa taɓa iyaka. Kamar fura ce da aka dama da nono, ba mai iya tsame geron daban. In ka rage kalangu ka rage muryar da ke kansa. Abin da ya saura maka shi ne yanka, da haɗi, da shafe ɗan tabo.

Tambayata ta farko kullum ita ce wane fayil aka zo da shi. Galibi MP3 ne da ya biyo ta WhatsApp daga waya zuwa waya. MP3 yana zubar da wani sashe na sautin don ya rage nauyi, kuma in ka buɗe shi ka gyara ka sake ajiye shi a MP3, ya sake zubar da wani. Ana jin ɓarnar a wurin harafin "s" na mawaƙi da kuma sautin caki, sai su riƙa yin wani irin shuu mai ruwa-ruwa. Shi ya sa nake ce ma yaran: "Ƙanena, kira wanda ya yi maka masta ya turo WAV, fayil ɗin da ba a rage ma sauti ba, kuma ya turo shi a matsayin takarda, wato document, kada WhatsApp ya taɓa shi." Sukan yi ƙorafin kuɗin intanet, don WAV irin na faifan CD yana cin wajen mega 10 a kowane minti, waƙar minti 5 ta kai mega 50. Duk da haka gara a jira shi.

In ya iso, sai in kwafe shi in ajiye na asali a gefe, in duba lambobinsa. Na CD yana da ɗigon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa da bit 16, wato zurfin awon kowane ɗigo, na bidiyo kuwa yawanci 48,000 ne. Yadda fayil ya shigo haka ya kamata ya fita. Wanda ke aiki da manhajar gyaran sauti ta Audacity ya lura da wannan sosai, don in lambar aikin ta saɓa da ta fayil, manhajar za ta juya waƙar duka wajen fitarwa alhali kai daƙiƙa biyu kawai ka zo cirewa. Haka ma dita, wato ɗan siririn shuu ɗin nan da ake zubawa da gangan idan za a sauko zuwa bit 16. In yanka kawai ka yi, kashe shi. In ka taɓa ƙarfi ko ka sa ƙarshen waƙa ya dushe a hankali, sa shi sau ɗaya wajen fitarwa ta ƙarshe.

Yankan kansa shi ne inda aikin yake. Ka buɗe hoton sautin ka yi ta matsowa har ka ga igiyar tana hawa tana sauka a kan layin tsakiya. In ka yanke ta tana sama ka liƙa ta da inda take ƙasa, lasifika za ta yi tsalle nan take, kunne ya ji "ƙat". Maganin farko shi ne a yanka daidai inda igiyar ke ratsa layin tsakiya, kuma a Audacity harafin Z yana kai ka wurin. Sai dai hagu da dama ba safai suke ratsa layin a lokaci guda ba, don haka nakan ɗora bakin wancan a kan na wannan, ɗaya na dushewa ɗaya na tasowa, na tsawon kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na daƙiƙa. Nakan kuma sa wuƙar gab da saukar bugun ganga, saboda ƙarfin bugun yana rufe ɗinkin.

Wannan duka mai sauƙi ne in kiɗan na kwamfuta ne, tunda gudunsa ba ya motsi daga farko har ƙarshe. Kiɗan hannu ba haka yake ba. Makaɗa sukan fara a natse, in waƙa ta yi zafi su ƙara sauri ba tare da sun sani ba, sai ka tarar gaɓar da ke minti na biyu ba ta hau ta minti na huɗu ba. Kalangu kuma yana da nasa hali. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana sakewa, muryar gangar tana hawa tana sauka. Kana iya samun bugun ya faɗa daidai, amma ka yanke shi yana tsakiyar hawa, duk wanda ya san kiɗa ya ji an katse ma kalangu magana.

Akwai wani dattijo mai gurumi da ya zo a kan in fidda sunan wani mutum daga waƙarsa. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na kunna mashi wurin a hankali. Sunan kansa bai fi daƙiƙa ɗaya da rabi ba, amma an zuba ma muryar eko mai yawa, har sunan na sake dawowa a ƙarƙashin kalmomin da ke biye, kuma ƴan amshi sun shigo kafin ya gama mutuwa. Na ce: "Baba, sunan kaɗai ba zai fita ba. Ko na cire shi daga bakinku, ekonsa na nan. Sai dai mu ɗauke ɗan waƙar duka, daga gindi zuwa gindi." Ya yi shiru ya saurari ɗan har ƙarshe, don akwai kirarin garinsu a ciki da yake so. Daga baya ya ce a ɗauke. Na yanka a farkon amshi na haɗa da farkon amshin gaba, inda gurumin ke maimaita abu guda, ya saurara da idonsa a rufe bai gane gurbin ba.

Ƙananan tabo ba su da wahala. In ɗan "tak" ne na leɓe ko na wayar gita, Audacity na da abin gyara da ke cike gurbin da bai wuce ɗigo 128 ba, kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ke nan. Adobe Audition, wanda tsofaffin ma'aikatan rediyo har yanzu ke kira Cool Edit ko da yake Adobe ya saye shi tun 2003, yana nuna sautin da launi, ka ga tabon tsaye kamar zare ka shafe shi shi kaɗai. Gurnanin wutar lantarki da ke zaune a hertz 50 kuwa ba na son taɓa shi a kan masta, don nan ne gindin bas yake.

A farkon waƙa nakan bar ɗan shiru, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, saboda wasu lasifikun Bluetooth na haɗiye bugun farko. A ƙarshe kuma nakan sa abin saurare a kunne in ƙara murya in bi ekon har ya ƙare, sannan in yanke.

Abin da ba na yarda da shi shi ne "Malam, ɗan ƙara mata ƙarfi." Na san inda maganar ta fito. Waƙoƙinmu a katin waya suke yawo, daga masu turawa a kasuwa zuwa lasifikar mai shayi da ta ɗan kabu-kabu, kuma a can wadda ta fi ƙara ita ke jan kunne. Amma masta ta riga ta kusa taɓa sifiri, wato iyakar ƙarfin da fayil ke iya ɗauka, in ka tura ta sama kawunan igiyar ne za su guntule, muryar ta riƙa tsagewa. A Spotify da YouTube ma ba riba, tunda suna sauko da waƙa mai ƙara zuwa wajen 14 ƙasa da sifiri a ma'aunin ƙara na LUFS. Ni nakan so a bar desibel ɗaya tsakanin ƙololuwar sauti da sifiri, don juyawa zuwa MP3 na ɗan ɗaga kawunan. Wanda ke son ƙarin ƙarfi, ko a fito da murya, ko a rage bas, ya koma wurin wanda ya yi masta. Sunansa ne a kan aikin, kuma ko yankan da na yi ina so a sanar da shi.

Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, kuma ba kullum mai sitidiyo ke ajiye tsohon aiki ba. Don haka duk mawaƙin da zai tafi ina roƙonsa ya dawo da fayil uku a WAV: waƙar cikakkiya, kiɗa zalla, da murya zalla, duka an fitar da su daga farawa guda kuma da tsawo guda. In akwai kiɗa zalla, cire suna aikin minti kaɗan ne. Ka jera shi ƙarƙashin cikakkiyar, ka sauya gurbin sunan da ekonsa da na kiɗan, ɗan waƙar ya zauna yadda yake da kirarinsa. Da yawa daga masu sitidiyo na bayar da su in an tambaya a ranar, kafin su rufe aikin.